Man zaitun na Andalus: wanne za ka saya, kuma don wane aiki?

Lardin Jaén da ke yankin Andalus a kudancin Sifaniya yana da itatuwan zaitun sama da miliyan 60, kuma babu lardin da ya kai shi fitar da man zaitun a duniya. Maƙwabciyarsa Ƙurɗuba ce ke biye masa. Yawancin kwalaben da ke shagunanmu ɗauke da sunan Sifaniya daga wannan yankin suke, sai dai abin da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ne, ko da kuwa hoton da ke jikinsu ɗaya ne.

Fara da duba aji. Wanda aka rubuta wa "extra virgin", ko "virgen extra" da Sifaniyanci, ruwan 'ya'yan zaitun ne da aka niƙa aka tatse da injin kawai, ba sinadari. Dole tsaminsa na awon ɗakin gwaji kada ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari, kuma masu ɗanɗano kada su ji wani aibi a cikinsa. Wannan tsamin ba a jin sa a harshe. Yana nuna ko 'ya'yan sun ƙuje ne, ko sun daɗe a jibge kafin niƙa. "Virgin" kaɗai yana iya kaiwa kashi 2, da ɗan aibi kaɗan. Wanda aka rubuta wa "pure" ko "light" kuwa, sunan na ruɗar mutane: mai ne mai aibi da aka tace a masana'anta har ƙamshi da ɗanɗanonsa suka tafi, sannan aka zuba masa ɗan mai kyau. Na ƙarshe shi ne "pomace" ko "orujo". Bayan an gama tatsa akwai tunkuzar da ke saura, ita ake wanke wa da sinadarin hekzen a fitar da ragowar man, a tace shi, a gauraya da ɗan "virgin". Sau da yawa kalmar tana ƙasan kwalba da ƙananan haruffa.

Sai irin itacen. Picual shi ne na Jaén. Yana da ɗaci a harshe da maƙaƙi a maƙogwaro, har yakan sa tari idan sabo ne, kuma ƙamshinsa kamar ganyen tumatir da aka murza. Mutane da yawa kan ɗauka ya lalace, alhali wannan maƙaƙin alamar sinadaran da ke kare man daga saurin ɓaci ne. Shi ya sa ga ƙasa mai zafi irin tamu, Picual ne ya fi dacewa: yana jure ajiya, yana jure wuta. Hojiblanca na Ƙurɗuba da Malaga ya fi shi sauƙi, da ɗan yaji a ƙarshe. Arbequina, wanda asalinsa na Kataloniya ne amma yanzu ana shuka shi sosai a Andalus, yana da laushi da ɗan zaƙi, yara ma za su sha ba gardama, sai dai shi ne ya fi saurin ɓaci. Idan shi kake so, sayi ƙaramar kwalba.

Ana girbi daga Oktoba zuwa wajen Fabrairu. Zaitun ɗin da aka tsinka kore a farkon kaka man da yake bayarwa kaɗan ne, ana iya niƙa kilo 7 zuwa 10 kafin a sami lita ɗaya, yayin da nunanne kilo 5 kan isa. Nan tsadar man farkon girbi ta samo asali. Idan an rubuta cewa tatsar sanyi ce, ma'anarsa zafin kwaɓin niƙaƙƙen zaitun bai kai digiri 27 na Celsius ba. Nemi shekarar girbi a jikin kwalba, domin ranar ƙarewar da ake bugawa galibi daga ranar ɗurawa ake lissafa ta, wata 18 zuwa 24. Tambarin DOP, wato shaidar asalin kaya ta hukuma, da sunaye irin su Sierra Mágina, Sierra de Cazorla, Baena ko Priego de Córdoba yana tabbatar da yankin da man ya fito.

Ga mai sha da cokali, ko mai zubawa ɗanye a kan ɗanwake, garau-garau ko kwaɗon zogale, "extra virgin" ne kawai ya cancanci kuɗinsa. Don suya mai yawa, tataccen ("pure" ko "light") ko "orujo" sun wadatar kuma sun fi araha, amma kada a sayar maka da su a farashin na farko.

Fari ya rage man Sifaniya da fiye da rabi a kakar 2022 zuwa 2023, farashi ya tashi, jabu ya ƙaru. Wani algus da ake yi shi ne a sa wa man sunfulawa ko na waken suya launin kore. Don haka launi ba hujja ba ne. Ƙwararrun masu ɗanɗano ma a kofi mai launin shuɗi suke zuba shi don kada idonsu ya yaudare su. Sa shi a firji a ga ko zai daskare shi ma ba gwaji ba ne abin dogaro. Zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofi, ka rufe da tafin hannu ya ɗan ɗumama, sannan ka sunsuna. Mai kyau yana ƙamshin ɗanyar ciyawa. Wanda ya ɓaci yana warin tsohuwar gyaɗa, yana barin maiƙo mai nauyi a baki. A Najeriya, duba lambar NAFDAC, ka tabbata murfin bai taɓa buɗewa ba.

Haske da zafi da iska ne ke lalata shi, saboda haka gwangwani ko baƙar kwalba sun fi farar roba, kuma kwalbar da ta yini a rana a kan tebur a bakin titi ba abin saye ba ce ko da ta asali ce. A gida ajiye shi cikin kabad nesa da murhu, ka rufe da kyau bayan kowane amfani, ka sayi rabin lita idan ba za ka ƙarar da lita guda cikin wata biyu zuwa uku ba.