Kafin Ka Saya wa Ɗanka Makarin Wuya na Hokin Ƙanƙara

Ranar 28 ga Oktoban 2023, a birnin Sheffield na Ingila, ana cikin wasan hokin ƙanƙara, kaifin ƙarfen da ke ƙasan takalmin wani ɗan wasa ya yanki wuyan Adam Johnson na ƙungiyar Nottingham Panthers, ya rasu. Tun a 1989 mai tsaron ragar Buffalo Sabres, Clint Malarchuk, ya sha da ƙyar daga irin wannan yanka, amma sai bayan rasuwar Johnson hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta wajabta makarin wuya a dukkan gasanninta, har na manya. Hukumar wasan ta Amurka, USA Hockey, ma ta wajabta shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 daga Agustan 2024. Saboda haka in ɗanka yana wannan wasa a Kanada, Amurka ko Turai, saye ya zama dole, zaɓi ne ya rage.

Mafi araha shi ne wanda ake naɗawa a wuya a manne ta baya. Yana da sauƙin sawa da wanki. Aibinsa shi ne yakan juya ko ya sassauta in gumi ya jiƙa shi, yara kuma sukan kwance shi in zafi ya ishe su, ko su manta shi a jaka. Akwai wanda ke saukowa har kan ƙirji, ya fi rufewa, masu tsaron raga sun fi amfana da shi.

Ni dai na fi natsuwa da rigar ciki wadda aka ɗinka makarin a jikinta. Ta fi tsada, kuma yaro mai girma zai wuce ta da wuri, amma ba ta zamewa, ba a kuma manta ta. Kamfanonin Bauer da CCM da Warroad duk suna yin ta, da zare mai wuyar yankewa irin Kevlar ko Dyneema.

Ko wanne ka ɗauka, duba tambarin tabbatar da inganci, BNQ na Kanada ko CE na Turai, sannan ka tambayi kocin wanne ƙungiyarsu ke karɓa. A gwada shi a shago: yaron ya ɗaga kai, ya waiga dama da hagu. In fata ta bayyana tsakanin haɓa da ƙashin wuya, bai yi ba. Kada ka sayi babba wai don ya daɗe.

Makarin nan yanka yake ragewa. Ba ya hana girgizar ƙwaƙwalwa in an yi karo ko an doki kai, kariyar kai sai hular kwano mai tambarin inganci na CSA ko HECC wadda ta zauna daram a kan yaron, ko da yake ita ma ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya.