Ɗan ƙarfen jawo sitod ɗin taya: abin da na gani da na gwada shi a gida

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2008, da ita nake zirga-zirga tsakanin gidana a Agege da shagona a Mile 12, duk a Legas. Wata Talata cikin damina na taka ƙusa, na tsaya wurin wani mai faci a bakin titi. Notuka huɗu suka kwance lafiya, na biyar ya ƙi. Sai ya zura dogon bututun ƙarfe a wil sifana, ya hau da ƙafa ya yi tsalle a kai. Ƙara ɗaya muka ji, sai ga noti a ƙasa da guntun ƙarfe maƙale a cikinsa. Sitod ya karye. Ga wanda bai san sunan ba, shi ne ƙarfen nan mai zare da yake fitowa daga jikin hob (cibiyar ƙafar mota da take juyawa tare da taya), wanda ake zura taya a kansa a ɗaure da noti. Mai facin ya ce, "Alhaji, huɗu ma sun isa, je ka abinka." Na san akwai masu yawo da huɗu a garin nan, har uku na taɓa ƙirgawa a ƙafar wata danfo. Amma a motar nan nake kai yara Islamiyya, don haka hankalina bai kwanta ba.

Bakanikena ya ce sai na bar masa motar yini guda, ni kuma na ga bidiyoyi a YouTube inda ake gama aikin kafin shayi ya huce. Sai na yi odar ɗan abin da suke amfani da shi ta intanet. Ƙarfe ne zagayayye mai kauri, bai kai faɗin tafin hannu ba, da rami a tsakiya da ƙaramin boris a ciki. Babu sunan kamfani a jikinsa, babu takardar bayani, a cikin 'yar leda kawai ya zo. Aikinsa ɗaya ne: ka zura sabon sitod ta bayan hob, ka ɗora ɗan ƙarfen a kan sitod ɗin ta gaba, ka ɗaura noti a kansa, kana juya notin yana jawo sitod ɗin har ya zauna. Kuɗinsa bai kai abin da nake kashewa a mai na kwana biyu ba.

Zan faɗi yadda ya yi aiki, amma sai na fara da abin da mai talla ba ya faɗa. Wannan ƙarfe na minti biyar ɗin ƙarshe ne. Duk wahalar da ke gaba da waɗannan mintoci, babu ruwansa da ita.

Wahala ta farko sitod ɗin kansa. Na saya a wani shagon kayan gyara kusa da gida, yaron shagon ya ce duk na motocin Japan ɗaya ne. Da na zo gida na gwada notina a kai, ya yi zagaye ɗaya da rabi ya cije. Ashe kaurin ne kawai ɗaya, milimita 12, amma tazarar zaren ta bambanta. Na Toyota da Honda 1.5 ne, na Nissan da Subaru 1.25 ne. Da ido da wuya ka rarrabe, kuma in ka tilasta noti a kai da sifana, ka cinye zaren duka biyun. Akwai kuma wani bambancin da ya fi wannan ɓoyewa. A gindin sitod, kusa da kansa, akwai 'yan haƙora a jere, su ne suke cizon ramin hob su hana shi juyawa. Na Corolla kaurin wurin ya ɗan haura milimita 14, na Honda bai kai haka ba duk da zarensu ɗaya. In ka sa mai siririn gindi zai shiga salin-alin, ka yi murna, ranar da ka zo kwance taya sai ya riƙa juyawa tare da notin, ka rasa yadda za ka yi da shi.

Ranar Alhamis na tafi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota a Mushin. Na manta cewa safiyar Alhamis ta shara ce a kasuwannin Legas, sai da na jira ƙarfe goma kafin a buɗe. Wannan karon na tafi da guntun da ya karye da notina a aljihu. Wani mai shago ya zube mini iri huɗu a kan tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya da notin har na sami wanda ya shige da yatsu biyu har ƙarshe. Na sayi biyar. Duk wanda zai je sayen wannan abu, ya tafi da samfur, kada ya dogara da faɗin sunan mota kawai.

Asabar da safe na fara aiki a tsakar gidanmu. Na ɗaga motar da jak ɗin da ya zo da ita, na jawo bulo biyu zan tokare ta. Maƙwabcinmu, dattijo ne da ya shekara da shekaru yana jan tirela daga Apapa zuwa Arewa, yana zaune a tabarma yana kallona. Ya ce, "Ɗana, ajiye bulon nan. Bulo ba ya gargaɗi, fashewa yake yi kawai." Na ce, "To Baba, da me zan tokare?" Ya aiki jikansa ya ɗauko masa wani tsohon sitan na ƙarfe mai ƙafa uku, ya sa na tura tayar da na cire a ƙarƙashin motar, ya kuma sa aka danne ƙafafun baya da katako. Sai daga baya, da na fara dukan ƙarfe motar tana girgiza, na gane girman abin da ya yi mini. Allah ya saka masa da alheri.

Ƙafar gaba ce, saboda haka dole birki ya fita. Kusoshi biyu masu lamba 17 ne suke riƙe da gidan kalifa (abin da yake matse faifan birki) ta baya, kuma sun sha ruwan Legas har sun manne. Wanda yake bin hanyar Ikorodu da damina ya san irin ruwan da mota take kutsawa, ga iskar teku mai gishiri da ba ta barin ƙarfe ya huta. Na fesa man kwance tsatsa, na jira, na sake fesawa, kusan awa guda kafin suka motsa. Na rataye kalifar da waya a jikin sifirin, domin in aka bar ta tana lilo a kan robar man birki, robar tana iya tsagewa ta ciki ba tare da an gani ba.

Sai faifan birki ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta haɗe shi da hob kamar an yi musu walda. Na buga ta nan, na buga ta can, ko gezau. A nan ne na fi jin takaici, domin rana ta take, hadari ya haɗo ta gabas, mota tana tsaye da ƙafa uku, kuma ba abin da na ci gaba da shi. Baba ne ya nuna mini ƙananan ramuka biyu masu zare a fuskar faifan. Ashe don wannan ranar aka yi su. Ka samo kusoshi biyu masu kaurin milimita 8, ka riƙa ɗaura su bi da bi, su tokari hob su turo faifan waje. Neman kusoshin ya ci mini wata rabin awa a wurin wani mai walda a layinmu, amma da na ɗaura su, ƙara ɗaya faifan ya yi ya saki. Ruwa ya sauko a daidai lokacin. Muka lulluɓe ƙafar da leda, aiki ya kwana.

Lahadi ƙanena ya zo taya ni. Fitar da guntun da ya karye shi ne abin da ya fi damuna a rai. A bidiyo da guduma ake korar shi, amma duk dukan da ka yi wa hob, boris ɗin ƙafa ne yake sha, kuma canjin boris ɗin gaba na wannan mota sai an kai wurin masu injin matsa ƙarfe, kuɗinsa ya ninka na sitod sau da yawa. Na yi duka uku masu tsabta da babbar guduma maimakon ashirin da ƙarama, guntun ya faɗa baya. Har yanzu ina kasa kunne ko zan ji gurnani daga ƙafar nan. Da na san haka tun farko, da abin matsa bol-join (mahaɗin ƙarafen ƙafar mota) na aro, wanda yake turo shi a hankali ba tare da duka ba. Zura sabon ta baya ma sai da na yi ta juya hob ɗin har na dace da gurbin da kansa yake wucewa ba tare da ya tokari gwangwanin da ke kare birki ba.

Yanzu ga ɗan ƙarfen da na saya. Aibinsa na farko ya fito nan take. Bakinsa a rarake yake kamar mazurari, an yi shi ne don noti mai tsinin gindi. Rim ɗina na alminiyom ne, notukansa masu washa ne a shimfiɗe, ba sa zama a wannan bakin. Mai talla bai ambaci wannan ba ko da kalma ɗaya. Sai da na samo noti mai tsini, buɗaɗɗen kai, mai zaren 1.5. Na biyu kuma, kana juya noti hob yana bin ka. Ƙanena ya ce, "Yaya, bari in taka birki." Na yi saurin tare shi, domin kalifa tana rataye babu faifai a bakinta, in ya taka fistan ɗin zai fito waje man birki ya tsiyaye. Sai muka ɗaura notuka a kan sitod biyu don kare zarensu, muka gitta dogon ƙarfe a tsakaninsu ya tokari ƙasa.

Daga nan kam, gaskiya ya burge ni. Saboda boris ɗin da ke cikinsa, notin yana juyawa sumul, ƙarfin hannunka duk yana tafiya wurin jawo sitod, ba wurin gugar ƙarfe da ƙarfe ba. Ina juyawa ina leƙa baya, ina ganin kan yana matsowa kaɗan-kaɗan har ya kwanta a jikin hob babu ko tazarar da farce zai shiga. Fuskar hob ba ta ƙwarzanu ba, zaren bai ji ciwo ba. Masu tara washa huɗu ko biyar a maimakon wannan ƙarfe su shafa giris ma suna cin nasara, na sani, amma a can noti yana zafi, washa tana lanƙwashewa, kuma da wuya ka gane ko sitod ne yake shiga ko zare ne yake miƙewa.

Da nake goge sauran huɗun sai na lura ɗaya ya sirance a tsakiya, zarensa ya wawware. Wannan shi ne abin da hawa sifana da ƙafa yake jawowa. Ƙarfen yana miƙewa ya wuce iyakarsa, ba ya komawa, sai ya jira ranar da zai tsinke. Wato mai facin ranar Talata ya ƙarasa ne kawai abin da wasu suka fara. Na canza shi shi ma. A karo na biyu na ji boris ɗin ɗan ƙarfen ya fara ƙaiƙayi a hannu, alamar ba zai yi doguwar rayuwa ba. Ga mai mota ɗaya ya isa. Bakanike mai aiki kullum ya nemi wanda ya fi shi inganci.

Abin da ya fi shi amfani a wurina shi ne sifana mai awon ƙarfi, wadda take yin ƙas in ta kai adadin da ka saita. Littafin motar ya ce a ɗaure notin taya da ƙarfin nitan-mita 103, kuma da na ɗaura na yi mamakin yadda hannu ɗaya ya isa, ba tsalle ba bututu. Na goge zaren ya bushe, na fara kowane noti da yatsu, na ɗaura ina tsallake ɗaya ina komawa har biyar suka cika. Na taka birki sau da yawa kafin na tayar da mota, bayan kwana biyu kuma na sake bin notukan, na sabbin biyu suka ɗan ƙara shiga kaɗan.

In kana da sitan, da sifana mai awo, da yini guda da ba ka buƙatar motar, sayi ɗan ƙarfen nan, ka haɗa da noti mai tsini. In jak ɗin but kawai gare ka, kai wa bakanike, ka tsaya a kansa ka ga irin sitod ɗin da zai sa. Ni yanzu sifanar tana cikin but, in na je faci nakan ce a sa notukan da hannu, ni zan ƙarasa. Sauran sitod uku suna cikin aljihun mota, kuma ƙafafu uku ne ban duba ba tukuna. Na yi wa Baba magana zan sake aron sitan ɗinsa Asabar mai zuwa in ba a wayi gari da ruwa ba.