Roma da Fulorans a Ƙarshen Mako: Abin da Na Gani da Abin da Na Biya

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Hajiya da yara duk suna lafiya. Ka ce in daina cika maka waya da hotunan gine-gine, in faɗa maka nawa ake sayar da kaya da yadda ake yi wa mutum aiki a ƙasar nan ta Italiya. To ga shi. Juma'ar da ta wuce ba mu da darasi, sai ni da wani abokin karatuna ɗan Sudan muka tashi daga Bolonya, garin da muke karatu, zuwa Roma, muka biyo ta Fulorans a hanyar dawowa. Da yuro zan rubuta farashi, kai ka buga da canjin Wapa na ranar da ka karanta. Ni na daina wannan lissafin, hana ni cin abinci yake yi.

Kamfani biyu ne ke gasa a layin dogon jirage masu sauri: Trenitalia na gwamnati, mai jirgin Frecciarossa, da Italo na 'yan kasuwa wanda ya fara aiki a 2012. Gudunsu yana kai kilomita 300 a awa. Bolonya zuwa Roma awa biyu ne da 'yan mintoci, kusan abin da jirgin Abuja zuwa Kaduna yake ci, alhali nisan ya kusa ninka shi. Sai dai kujera ba ta da tsayayyen farashi. Wanda ya saya tun saura makonni zai iya samunta a yuro 30, wanda ya zo ranar tafiya ya zauna kusa da shi ya biya fiye da 60. Babu ɗan kamasho da za ka ja gefe, babu "a duba mini dai". Idan jirgi ya makara da awa guda, doka ta ce a mayar maka da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka. Yajin aiki kuwa ba ya ƙarewa a nan, amma ana sanar da ranar tun da wuri, mutum ya kauce.

Mun samu Juma'a a babban masallacin Roma. An buɗe shi a 1995, Saudiyya ce ta ba da mafi yawan kuɗin ginin, kuma yana cikin manya a Turai kaf. Ba a tsakiyar gari yake ba, sai ka ɗauki wani ƙaramin jirgi daga tashar Filaminiyo zuwa arewacin birnin. Bayan an idar, bakin ƙofa ya zama kasuwa: Larabawa da 'yan Bangaladash da 'yan Sanagal, ga gasasshen nama, ga alawa, ga turare. A wurin ne kawai na ci nama ban yi tambaya ba.

Don tambaya ita ce rabin cin abinci a Italiya. A yankinmu na Bolonya har cikin wani burodin ana sa kitsen alade, miyar taliyarsu ma haka. A Roma da sauƙi: akwai fiza da ake yanka maka da almakashi a ɗora a sikeli, ka nuna mai tumatir ko dankali, yuro 4 ko 5 ka ƙoshi. Kofi kuma farashinsa biyu a shago ɗaya. A tsaye a bakin kanta bai wuce yuro ɗaya da 'yan canji ba. Ka ja kujera ka zauna a kawo maka, ya ninka ko ya fi. Duk abin da ka saya, ko ruwan gora ne, sai an ba ka rasit, kuma doka ta tilasta wa mai shago karɓar kati.

Abin da ya fi burge ni a Roma ruwa ne. A kan tituna akwai famfunan ƙarfe fiye da 2,000, an fara kafa su tun 1874, suna zuba dare da rana, ruwan sanyi ƙalau, kyauta. Ka toshe bakin da yatsa sai ruwan ya tsarto ta wata 'yar huda a sama ka sha ba tare da kofi ba. Wata magudanar da Rumawa suka gina shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa har yau tana kawo ruwa cikin gari. Na tuna kuɗin da kake ba 'yan garuwa duk wata. Amma garin da ya ba ka ruwa kyauta shi zai karɓi yuro ɗaya kafin ka shiga banɗakin tasha, kuma babu buta a ciki, sai ka shiga da gorarka. A gidaje kam babu wannan matsalar, tun 1975 doka ta sa kowane gida ya zama da wani kwanon tsarki na musamman a banɗaki.

Masauki gado ɗaya muka kama kowannenmu a ɗakin haɗaka kusa da tashar Tamini, kusan yuro 35, ban da harajin kwana da birnin yake ɗora wa kowane baƙo a kowane dare. Ba sa ba da makulli sai sun rubuta fasfo, don dole su miƙa sunan baƙo ga 'yan sanda. A bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa jaka a gaba ake rataye ta; 'yan sanen Roma ba su da abin koyo a wajen kowa.

Asabar da safe muka shiga Kolosiyum, filin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, wanda ke ɗaukar 'yan kallo kusan 50,000 lokacin da ake haɗa mutane faɗa da juna da namun daji. Tikiti yuro 18, da sunanka a jiki da lokacin shigarka, kuma ana duba katin shaida. Matasan Tarayyar Turai masu shekara 18 zuwa 25 yuro 2 suke biya. Rabin ginin ya zube, duwatsunsa da yawa an kwashe tun da daɗewa an yi wasu gine-ginen da su. Abin da ya rage aka kewaye, aka sa masu gadi da masu yi wa baƙi bayani, layi kuma ba ya yankewa. Da badalar Kano ta samu rabin wannan kulawar da ba a yanka ta filaye ba.

Daga nan muka leƙa kasuwar Eskwilino, nan bayan tasha. Akwai doya, kuɓewa, agada, manja, busasshen kifi, attaruhu, da mahautan halal. Komai a kilo. Doya guda ɗaya sai ka yi shawara da aljihunka. Kuka da daddawa ban gani ba.

Yanzu ga abin da ya shafe ka. Fulorans, awa ɗaya da rabi daga Roma, garin fata ne. Titunan da ke kewaye da kasuwar San Loranzo rumfuna ne jere na jaka, bel, walat da jaket, kuma a nan ne kaɗai na ga ana ciniki irin namu. Yawancin masu tsaron rumfunan baƙi ne, 'yan Bangaladash da wasunsu. Aka yi mini kuɗin wata jaka yuro 90, na juya baya ta dawo 55. Na ɗaga, na shinshina, na duba bakin yankan kamar yadda ka koya mini. Wasu fata ce ta gaske, wasu kuwa ƙasan fata ne aka shafa wa roba a sama, ko da yake duka an buga musu hatimin Italiya. 'Yan mintoci daga wajen, a manyan shaguna masu gilashi, jakar da ba ta fi ta girma ba tana haura yuro 2,000, kuma a can ko tayi ba a yi.

Majemunsu ba a cikin gari suke ba, suna garin Santa Kuroche, a bakin kogin Arno tsakanin Fulorans da Fisa, kuma 'yan Sanagal da yawa ne ke aikin ƙarfin. Jimar da suke alfahari da ita, suke ƙara mata kuɗi, ta ɓawon itatuwa ce, wato dai aikin da bagaruwa take yi a wajenmu tun kaka da kakanni. Ka fi ni sanin cewa fatar akuya da tumaki da ake jemewa a Sharaɗa da Challawa, kaso mai yawa Italiya take zuwa. Jar akuyar Sakkwato ma tun zamanin ayarin raƙuma take isa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take biyowa. Da na riƙe jakar nan ban ga abin da ya gagari dukawanmu a wajen fata ba. Inda suka tsere mana shi ne gamawa: rini ya hau daidai ko'ina, ɗinki ba ya karkacewa, an goge bakin yanka an shafe shi, zif da maɓalli ba sa tsatsa, sannan jaka ɗari su fito kamar a tsaga kara. Kuɗin yana cikin wannan ƙarshen aikin, mu kuma kafin a kai nan muke sayarwa.

Lahadi muka hau ƙubbar babbar majami'ar Fulorans, wadda wani magini mai suna Burunelleski ya gina daga 1420 zuwa 1436 da jan bulo. Matakala 463, babu lif, tikiti yuro 30 kuma sai an kama lokaci tun kafin ranar. Gadar Fonte Bekkiyo kuwa kyauta ake bi. Tun 1345 take tsaye, da shaguna a kanta hagu da dama. Da mahauta ne a ciki, sai a 1593 mai mulkin garin ya kore su saboda wari ya ba maƙeran zinariya, har yau su ne a wurin. Kallo kawai muka yi.

A gidan abinci na Fulorans an ƙara mana yuro 2 da rabi kowanne a kan abin da muka ci, kuɗin zama da burodi, a rubuce yake a ƙasan takardar farashi da ƙananan baƙaƙe. Burodin kuma babu gishiri ko kaɗan, haka suke yin sa a yankin. A bakin titi ana sayar da dafaffen tumbin sa a cikin burodi, mutane na layi. Ƙamshin ya ja ni, rashin sanin yankan ya hana ni.

Da za mu koma muka ɗauki ƙaramin jirgi mai tsayawa tasha-tasha ta garin Furato, kusan yuro 10, farashin da ba ya canzawa ko yaushe ka saya. Mai sauri minti 40 bai cika ba, kusan duka a cikin ramin dutse. Namu ya ninka haka fiye da sau biyu, amma mun ga tsaunuka. Tikitin takarda sai ka soka shi a wata 'yar na'ura ta buga masa lokaci kafin ka hau, in ba haka ba tara ce mai nauyi, kuma mai duba tikiti ba ya jin "ni baƙo ne".

Na sayo ƙaramin walat na yuro 20 mai kyan gamawa, zan ba mai tahowa ya kawo maka. Ka farke shi a gaban masu ɗinkinka na Ƙofar Wambai su ga yadda aka naɗe bakin. In an samu mai zuwa nan kuma, a haɗo ni da kuka, daddawa da yaji. Kada Hajiya ta sa kilishi, doka ta hana shigo da nama a kaya, a filin jirgi za a ƙwace. A gaishe ta sosai, ta ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.