Littafi ko fim: wanne ya fi ɗaukar rigimar 'ya da ubanta?

Wata 'yar uwa a zauren nan ta kawo tambaya. Tana da labarin yarinya haifaffiyar Kano, uba Bahaushe, uwa Bayarabiya. Dangin uba ba sa kiranta sai da "'yar Bayarabiya". Uban yana son haɗa ta da ɗan wansa don zumunci ya ƙara ƙarfi, ita kuwa jami'a take so. Ta ce: littafi za ta rubuta, ko fim?

'Yar uwa, kowanne kika ɗauka, katangar farko ɗaya ce. 'Yar Bahaushe ba ta ja-in-ja da ubanta. Durƙusawa take yi, ta sunkuyar da kai, ta ce "to Baba". Duk rigimar labarinki tana cikin wannan "to" ɗin, kuma bambancin littafi da fim shi ne yadda kowanne ke buɗe shi.

Littafi yana shiga zuci kai tsaye. Ta ce "to" a layi ɗaya, ke kuma ki bi ta ɗaki da shafi uku na abin da ta haɗiye. Ga kuma wasiƙa, wadda marubutan soyayya na Kano suka more ta sosai. A cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), da wasiƙa Sumayya 'yar masu kuɗi ta fara isar da abin da ke ranta ga Muhammad talaka, abin da bakinta ba zai iya furtawa ba. Yau saƙon waya ya maye gurbin takarda, amma aikin bai canja ba. Fim ba shi da wannan gata. Idan kika sa muryar zuci tana ta bayani a kan fuskar jaruma, minti biyu ya isa mai kallo ya ɗauki wayarsa. Dole ƙin ya fito a jiki: kwanon tuwo da aka mayar a rufe, gaisuwar safe da ta gajarce, lefe da aka baje a tsakar gida ita kuma ta wuce da buta ba ta waiwaya ba.

Lokaci ma na littafi ne. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990) ya ɗauko Abu tun tana ƙarama, aka cire ta daga makaranta, aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma, ta gudu birni, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Shekaru ne masu yawa, kuma a takarda "bayan shekara biyar" ba ya cin ko sisi. A fim kuwa kuɗi ne: wata jarumar ko wata kwalliyar, wani gidan, wasu tufafin. In aka yi ƙoro, sai ki ga yarinyar sakandare da matar aure mai digiri fuska ɗaya, ɗankwali kawai aka sauya.

Amma da an zo maganar asali, fim ya karɓe ragama. Asali abu ne da ake ji da kunne, ake gani da ido. Ki sa uwar tana yi wa 'yarta Yarabanci a kicin suna dariya, sai sallamar goggo ta shigo, uwar ta yanke maganar a tsakiya ta koma Hausa, yarinyar ta ture kwanon amala gefe. Daƙiƙa arba'in, an gama. A littafi wannan sai ya ci shafi biyu, kuma a nan ne marubuci ke zamewa ya hau mumbari, ya kama wa'azi a kan illar ƙabilanci. Ba wai littafi ba ya iyawa ba ne. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed (1980) a kan wannan gaɓar ya tsaya: Boɗaɗo Bafulatana ta so Yasir wanda ba Bafulatani ba, danginta suka ƙi. Sai dai mai karatu ba ya jin karin harshe, sai an gaya masa.

Inda ya kamata ki fi ɓata lokaci, ko wanne kika zaɓa, shi ne masu shiga tsakani. A gidan Bahaushe magana ba ta tafiya daga 'ya zuwa uba a miƙe. Takan bi ta uwa, ta goggo, ta aminin uba, ta malamin unguwa, ko ta kaka. Kaka ta fi kowa amfani, domin akwai wasan jika da kaka: ita kaɗai yarinyar za ta iya gaya wa baƙar magana cikin raha ba a ce ta yi rashin kunya ba. A littafi kaka ƙari ce, tun da muna da zucin yarinyar. A fim ita ce tagar da za mu ji ainihin ra'ayinta, in babu ita labarin ya toshe. Kuma kaka wuƙa ce mai baki biyu. A labarin Sumayya, ta wajen kakarta attajiri Abdulƙadir ya bi da kyaututtuka. Haka nan idan malam zai shigo, ki san abin da zai faɗa. A mazhabar Malikiyya uba yana da ikon ijbari a kan 'yarsa budurwa, wato ya aurar da ita ko ba da izininta ba, kuma da shi uban zai kafa hujja. Mai kare yarinyar zai kawo hadisin neman izinin budurwa, da na Khansa'u bint Khidam wadda Annabi (SAW) ya warware auren da ubanta ya ɗaura mata ba da sonta ba. Uban zai ce ai Khansa'u bazawara ce. Wannan musun, in an rubuta shi daidai, ya fi kuka goma.

Waƙa kuwa makamin fim ce tun zamanin fim ɗin Sangaya, inda ɗan sarki ya so 'yar aikin gidansu. Abin da kunya ta hana a faɗa, waƙa ta faɗa. To amma waƙa soyayya take ɗauka da kyau, ba ta cika ɗaukar "ni wace ce" ba, kuma yarinyarki karatu take nema, ba saurayi ba. Kada ki dogara da ita.

Ga lissafi in fim ne. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim na minti 90 shafi 90 ne, fitowa 40 zuwa 45 in kowace ta ɗauki kamar minti biyu. A cikinsu kada zaman uba da 'ya su biyu ya wuce uku: ranar da ya sanar da ita, ranar da ya gane ba ta so, da ranar hukunci. In suka yawaita, kwarjinin uban ya zube. Sannan ki tuna fim a Kano yana bi ta Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, alhali littafin da ake sakewa babi-babi a WhatsApp ko Wattpad masu karatu ne alƙalansa, kuma su ma ba sa raga wa jarumar da ta ɗaga wa uba murya.

Kurakuran da ke kashe irin wannan labari sanannu ne. Ana mayar da uba azzalumi marar dalili, alhali naki yana da dalili mai ƙarfi: ya gaji da gorin da 'yan uwansa ke yi masa tun ranar da ya auri uwarta, yana ganin auren zumunci ne zai rufe bakinsu. Ana fito da "zan tsine miki" tun a babi na biyu, daga nan babu sauran abin tsoro. Baki makami ne na ƙarshe, kuma ya fi firgitarwa in uwa ce ta kusa furta shi ta fasa. Mafi muni shi ne warware asali da dabara, a gano a ƙarshe wai uwar ma ashe Bafulatana ce aka sace tana jaririya. Wannan ya nuna marubucin ya yarda da masu gorin ke nan.

Naki labarin, da yake yana buƙatar shekarun jami'a, kuma nauyinsa a zuci yake, littafi ya fi dacewa da shi. In daga baya aka so mayar da shi fim, kamar yadda aka yi wa In Da So Da Ƙauna a 1994, ki kafe a kan abu ɗaya: wadda za ta fito a matsayin uwar ta kasance mai jin Yarabanci da gaske. Masu kallo sun saba ganin Bayarabe a fim ɗin Hausa a matsayin ɗan barkwanci mai karya harshe, kuma in suka yi dariya a fitowar kicin ɗin nan, sauran minti 80 ɗin ba za su gyara ta ba.