Sharhi a Kan Shukar Fern da Na Dasa a Inuwar Mangwaro

Duk mai bishiyar mangwaro a tsakar gidansa ya san cewa ciyawar ado ba ta rayuwa a ƙarƙashinta, domin inuwar ta yi duhu, kuma saiwoyin bishiyar suna shanye ɗan danshin da ke cikin ƙasa. Shi ya sa da na tashi rufe wannan fili a gidanmu da ke Kaduna, na bi shawarar wani mai sayar da furanni a bakin titi, na sayi shukar fern, mai dogayen ganyaye masu tsaga-tsaga a gefe biyu, wadda ba ta fure kuma ba ta iri. Ya tabbatar mini cewa inuwa take so, kuma da zarar ta kama ƙasa babu ruwanta da ban-ruwa.

A damina babu abin kushewa. Na dasa ta a watan Yuni, kafin ƙarshen Agusta ta rufe ƙasar da a da sai taɓo da busassun ganyen mangwaro, har yayyafin laka da ke ɓata bangon ɗaki ya daina.

Da hunturu ya kankama a Disamba labari ya canja. Bakin ganyayen ya fara ƙonewa, ƙura ta lulluɓe su, ƙananan ganyen suka riƙa karkaɗewa suna barin tsinke tsirara, duk da cewa ina ba su ruwa kowace yamma. Fern shukar wuri mai laima ce, busasshiyar iska tana cutar da ita ko da ƙasar tana jiƙe, kuma duk mai wannan sana'a ya san haka. Da na koma wurin mai furannin da ƙorafi, abin da ya ce mini kawai shi ne, "Hajiya, ai hunturu ne, sai haƙuri." Wannan amsa ta ɓata mini rai fiye da asarar kanta, domin hunturu ba baƙo ba ne a Kaduna, kuma da ya faɗa mini tun ranar ciniki da na shirya masa.

A watan Maris na yanke shawarar tuge komai. Fartanya na shiga ƙasa sai ga wasu dunƙulallun abubuwa masu girman gurjiya suna rataye a jikin siraran jijiyoyi, kuma da na fasa ɗaya da farce na tarar cikinsa fari ne, cike da ruwa. Ashe ma'ajiyar ruwan shukar ke nan, wadda nau'in fern da masana ke kira Nephrolepis cordifolia yake da ita. Na mayar da ƙasa, na yanke busassun ganyayen, na lulluɓe gindin da ganyen mangwaron da a da muke sharewa. Ruwan farko na sauka, sababbin tofo suka ɓullo a nannaɗe, suna warwarewa a hankali, kuma a damina ta biyu sun fi na farko kauri da yawa. Na yi murna ƙwarai, kuma a kan wannan nau'in ba ni da shakkar ba kowa shawara.

Sai dai gefen da ke kusa da ƙofa bai farfaɗo ba ko kaɗan, kuma a nan ne raina ya sake ɓaci. Mutumin ya haɗa mini nau'i biyu ba tare da ya sanar da ni ba, kuma wanda ya fi tsada, wato nau'in da ake kira Boston, mai laushin ganye da ke rusunawa, ba shi da waɗannan dunƙulallun, don haka ya mutu murus. Wannan na tukunya ne a baranda, bai dace da gasar ruwa da saiwar mangwaro ba. Mai ƙarkon ma yana da nasa halin, domin jijiyoyinsa suna rarrafe har sun kutsa cikin kwamin na'a-na'ata, kuma a jihar Florida ta Amurka an sanya shi cikin tsirrai masu mamaye wuri.

Duk mai niyyar saye ya sa a zazzage masa leda ɗaya a gabansa, ya ga dunƙulallun da idonsa kafin ya biya kuɗi, kuma idan ruwan gidansa na saye ne daga 'yan garuwa, ya lissafa kuɗin ban-ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu a cikin farashin.