Wurin da aka buga mini gidan kwamfutata a nan Maradi

Wata huɗu kwamfutar da na haɗa da hannuna tana zaune cikin kwalin takalmi, Raspberry Pi 4 ce (wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu) da allon kallo mai inci 7 da batir samfurin 18650 guda huɗu, duk inda za ni sai in rungume ta kamar ƙwai, ga ƙurar hunturu ta shiga ko'ina. Shi ne wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya kai ni wurin wani matashi mai injin 3D, Ender 3, irin wanda ke narka zaren roba yana jera shi layi bisa layi har abu ya tashi.

Na kai mishi zanen gidan kwamfutar da na yi a manhajar zane ta FreeCAD, na ce a buga duka yau. Ya ce "yaya ka yi haƙuri, mu fara buga gefen da ramukan waya suke kawai." Wallahi da farko na ɗauka jan rai ne, amma ɗan yankin nan da bai kai awa ɗaya ba shi ya cece ni, don da muka kara shi jikin Pi ɗin, kan wayar micro HDMI mai kai hoto allo ya ƙi shiga sam, ya ce roba in ta huce rami yakan ɗan tsuke, muka ƙara milimita 0.3 ya sake bugawa, sai ga shi ya shige cif. Ramukan kusoshi huɗu na ɗaure Pi ɗin, masu tazarar milimita 58 da 49, su daidai suka fito.

Abin da ya fi burge ni bai ɓoye mini gaskiya kan roba ba. Robar da ake kira PLA ta fi araha kuma ita ce a kan injin, amma ya ce tana fara laushi wajen digiri 60, kuma kowa ya san zafin Afrilu a garin nan, ka bar abu cikin mota ko akwatin babur da rana ka ga yadda zai lanƙwashe. Wata robar mai suna PETG muka ɗauka, tana jurewa har wajen 80. Ya kuma sa na buɗe tagogin iska saman furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tunda Pi 4 na rage gudu in ya kai digiri 80.

Inda ban ji daɗi ba, ya ce kwana uku sai da aka yi takwas, wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu kuma ba shi da batirin ajiya, har yanzu akwai layi a jikin murfin inda injin ya tsaya ya ci gaba. Kala ma baƙi kaɗai gare shi. Ƙasan ya fito da kaushi, ni na goge da samfefa a gida.

Jika 18 na biya har da gwaji biyun. Sati mai zuwa zan koma da zanen maƙalin kibod, shi ma gwaji za mu fara.