Kafin ka sayi na'urar ɗaukar awo: LabVIEW da kayan NI, ko Arduino da manhajar kyauta?

Mai son auna zafin injin busar da shinkafa a Argungu, ko wutar da faifan sola ke ba famfon rijiyar burtsatse a Birnin Kebbi, ko ɗalibin injiniya a Aliero da ke aikin kammala karatu, duk abu biyu zai saya: akwatin da ke karɓar awo daga sansa (ƙaramar na'urar da ke jin zafi, damshi ko wuta), da manhajar da za ta tara lambobin ta zana su. Yawancin mutane kan dubi farashin akwatin kawai. Abin da ya fi cancanta a tambaya shi ne yadda tsarin zai kasance bayan ya yi kwana uku yana aiki ba a kashe ba.

A nan manhajar LabVIEW ta yi wa sauran nisa. Kamfanin National Instruments (NI) na Amurka ya fito da ita a 1986, kuma tun 2023 kamfanin yana hannun Emerson. Ba rubuta layuka ake yi ba, tubala ake haɗawa da wayoyi a kan allo. Lambobi iri ɗaya ana zuba su a jeri, wanda manhajar ke kira Array. Abubuwa mabambanta, kamar sunan sansa da lokaci da ma'auni, ana ɗaure su a ƙunshi guda, wato Cluster. Sannan akwai nau'in Waveform mai ɗauke da lokacin farawa, da tazarar da ke tsakanin awo da awo, da jerin lambobin kansu. Wannan ɗin shi ya fi komai daraja, domin zanenka zai fito da lokacin gaskiya a ƙasa ba tare da ka yi lissafi ba.

Allon zane iri uku ne za ka fi amfani da su, kuma rikita su ke ɓata wa sababbin hannu rana. Waveform Chart tana karɓar awo ɗaya bayan ɗaya tana ƙarawa a kan na baya, amma 1024 kaɗai take riƙewa sai ka ƙara mata da kanka. Ita ta dace da kallon zafin tanda yana hawa. Waveform Graph jeri cikakke take so, kuma duk sabon jerin da ya zo yana share tsohon. XY Graph kuwa ita ce ta zana bolt da karan (yawan wutar da ke gudana) na faifan sola, inda tazarar awon ba daidai take ba. Wanda ya sa Graph cikin madauki (tubalin da ke maimaita aiki zagaye bayan zagaye) yana ba ta jeri mai lamba ɗaya tak kowane zagaye ba zai ga layi ba, sai ya ɗauka sansa ce ta mutu.

Babban tarkon yana wajen girman jeri. Idan ka sa Build Array, tubalin da ke ƙara lamba a jeri, cikin madauki, jerin na ƙara tsawo a kowane zagaye, kwamfuta kuma tana ta neman masa sabon wuri. Kowace lamba mai ɗigo tana cin bait 8. Awo 1,000 a daƙiƙa daga sansa ɗaya ya kai kusan megabait 690 a yini. Kafin asuba laftof ta yi nauyi, madaukin ya kasa kwashe abin da akwatin ke turowa, sai kuskure mai lamba -200279 ya bayyana. Maganinsa: ka ware jerin tun farko da Initialize Array, ka riƙa maye gurbi da Replace Array Subset, ka raba madaukin ɗaukar awo da na ajiya, ka rubuta a fayil ɗin TDMS, nau'in fayil na NI don adana awo. Kada ka dogara da Excel, layukanta 1,048,576 ne, a wannan gudun ba ta kai minti 18 ba ta cika.

A ɓangaren akwatunan NI, USB-6001 na da bit 14 (yawan bit ke nuna ƙanƙantar bambancin da akwati ke iya ganewa) da awo 20,000 a daƙiƙa, USB-6002 na da bit 16 da awo 50,000. Gudun nan raba shi ake yi tsakanin hanyoyin jona sansa da ka buɗe, ba kowace hanya da nata ba. A tsakanin bolt -10 zuwa +10, na farkon yana bambance kusan milibolt 1.2, na biyun kusan 0.3. Don zafi da damshi da batir, USB-6001 ya isa har ya yi rara. Don ganin siffar wutar janareto mai zagaye 50 a daƙiƙa, ka ɗauki awo aƙalla 500 a daƙiƙa, kuma ta bayan taransifoma mai rage wuta. Akwatunan nan ba su da shinge tsakaninsu da kwamfuta, wutar gida ta bolt 230 in ta shiga kai tsaye za ta tafi da akwatin da laftof gaba ɗaya.

Arduino Uno na asali (R3), ƙaramin allon lantarki da ake tsarawa, arha ne, amma bit 10 gare shi, kusan milibolt 4.9 kowane mataki, kuma tazarar awonsa ba ta tsayawa daidai in ba gwani ya tsara ba. Manhajar Node-RED kyauta ce, ta isa ga awo ɗaya a minti. Manhajar Simulink kuwa ta masu kwaikwayon tsari a kwamfuta ce, ba ta mai tsaye a bakin injin ba.

Sai maganar jabu, wadda ta fi duk wannan kwatancen muhimmanci. LabVIEW ɗin da ake sa wa mutane a filashi da sunan an fasa ta, sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, kuma direban DAQmx, manhajar da ke haɗa akwatin da LabVIEW, ba lallai ya dace da shekararta ba, sai ka buɗe ka tarar babu tubalan ɗaukar awo sam. Ba ma buƙatar haka: tun 2020 akwai Community Edition kyauta don aikin kai wanda ba na kasuwanci ba. Na ɗakin gwajin makaranta ko masana'anta kuwa, a karanta sharuɗɗan lasisi kafin a girka. Ka kuma tambayi shekarar manhajar malaminka, domin fayil ɗin sabuwar shekara ba ya buɗewa a tsohuwa sai an ajiye shi musamman don ita.

Akwatin kwance kuma, kada ka biya sai an jona shi a gabanka. Buɗe NI MAX, manhajar NI ta duba na'urori, ka ga sunansa ya fito, lambar da ke allo ta zo ɗaya da ta jikin akwatin, ka danna gwajin kai. Sannan ka ɗauko batir mai bolt 1.5, ka auna shi da mita, ka bi hanyoyinsa takwas ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da aka taɓa ƙonawa takan maƙale a lamba ɗaya ko ta yi ta rawa, gwajin kai kuma ba lallai ya tona ta ba. Mai sayarwa da ya ce babu wuta a shago, ka ce masa daga USB akwatin ke cin wutarsa.

Sansar zafi ta DS18B20 ma jabunta sun cika kasuwa. Sayi uku, ka ɗaure su wuri ɗaya cikin ruwan ƙanƙara, ka zana ukun a Chart guda. Ta gaskiya ba za ta kauce wa sifili da fiye da rabin digiri ba. Wadda layinta ya ware daga 'yan'uwanta, mayar wa mai ita tun kafin ka saka ta a injin.